Lamba da Mai Ita: Tarihin Alamomin Kakin Soja da Hakkin Sa Su

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki, ko ya tsaya kallon fareti, ya san soja ba ya bukatar ya faɗi matsayinsa da baki. Hularsa da kafaɗarsa da damtsensa da ƙirjinsa su ke yi masa bayani. Wanda ya iya karatun waɗannan alamomi, da kallo ɗaya zai faɗi rundunar da mutum yake, da muƙaminsa, da irin horon da ya sha, da fagagen yaƙin da ya halarta. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin waɗannan lambobi, musamman yadda suka shafi sojojin Afirka ta Yamma, mu ga wane ne ya cancanci ya sa su, wane ne kuma ke da ikon ya ce a sa. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, lamba shaida ce, kuma ta hanya biyu ake ɓata shaida: ko dai a danne ta mai gaskiya, ko kuwa a bar maƙaryaci ya tsaya a gurbinsa. Tarihin ƙarni na ashirin ya nuna mana duka biyun.

Alama a ƙasar Hausa

Tun kafin Turawa su zo da kaki, Bahaushe ya san akwai suturar da kuɗi ba sa sayen izinin sa ta. Alkyabba, alal misali, sarki ne ke yafa wa wanda ya naɗa. Rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, kuma attajiri, kome dukiyarsa, ba ya naɗa shi ya shiga fada. Haka takalmin gashin jimina, haka tagwayen masu na Sarkin Kano, haka kuma ja da koren rigar dogarai. A fagen yaƙi kuwa ba alamar da ta fi tuta nauyi. Bayan da jihadi ya tashi a 1804, tutar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bai wa irin su Malam Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gombe, da Modibbo Adama na Fombina, ita ce shaidar da ta halatta musu jagorancin jama'a. Ƙyallen kansa kowane maɗinki zai iya ɗinka irinsa. Abin da ya sa ya zama tuta shi ne hannun da ya miƙa shi, da kuma sanin da jama'a suka yi cewa an miƙa ɗin. Wannan ƙa'ida ce za mu riƙa komawa gare ta har ƙarshen takardar nan.

Ire-iren lambobi

Ya kamata mu bambanta lambobin kakin soja zuwa kashi huɗu, domin kowane kashi da tasa hanyar mallaka. Na farko shi ne tambarin runduna, wanda ake maƙalawa a hula ko a damtse. Wannan na duk wanda aka rubuta sunansa a rundunar ne, daga kurtun da ya gama horo har zuwa kwamanda. Na biyu shi ne alamar muƙami. A nan harshenmu ya yi nasa sunaye: layukan da ke damtsen kofur da saje mun kira su igiya, taurarin da ke kafaɗar hafsa kuma mun kira su anini. Anini dai asalinsa ɗan ƙaramin kuɗi ne mai huji a tsakiya, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, wanda Turawa suka fara bugawa a 1907, kuma akwai zanen tauraro mai tsini shida a jikinsa. Na uku shi ne lambar ƙwarewa, wadda ba a samu sai an ci wata jarrabawa, kuma mafi shahara a cikinta ita ce fiffike na matuƙan jirgin sama da na sojojin laima. Na huɗu shi ne lambar yabo, ko ta halartar wani yaƙi, ko ta jaruntaka a cikinsa. Kashi biyun farko suna iya barin mutum in an sauya masa runduna ko an rage masa girma. Kashi biyun ƙarshe kuwa labarin abin da ya riga ya auku suke bayarwa, shi ya sa rigima ta fi yawa a kansu.

Daga Hausawan Glover zuwa bishiyar kwakwa

Tushen sojan Nijeriya yana komawa ga 1863, sa'ad da Laftana John Glover ya tara wata 'yar ƙaramar runduna a Ikko, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga aikin kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta haɗa sojojin Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Tambarinta bishiyar kwakwar manja ce. Kayan faretinta kuwa jar dara ce, da 'yar shara ja mai dajiyar rawaya, da jar ɗamara, da gajeren wandon kaki. Hausa ita ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta.

To, a nan ne za mu fara ganin hanya ta farko ta ɓata shaida. Baƙin soja yana da hakkin ya sa bishiyar kwakwa a hularsa, yana iya samun igiya har ya kai samanja, amma anini an yi masa shamaki da shi. An kuma ware wa sojojin Afirka tasu lambar jaruntaka dabam tun daga 1903, ba a daina wannan wariya ba sai cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Babbar lambar jaruntaka ta Ingila, watau Kuros ɗin Biktoriya, an buɗe wa sojojin Indiya ƙofarta a 1911, har Khudadad Khan ya same ta a kan abin da ya yi a 1914, amma har mulkin mallaka ya ƙare ba sojan Nijeriya ko ɗaya da ya same ta.

Rayuwar Chari Maigumeri ta ishe mu misali. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, sa'an nan ya shiga rundunar Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya kai matsayin babban samanja, ya halarci yaƙin Habasha da na Bama, ya sami lambar jaruntaka. Amma sai a 1953, da ya zo barin aiki, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Seth Anthony na Gwalkwas ya sa anini a sojan ƙasa na Ingila a 1942. A Nijeriya sai ƙarshen shekarun 1940 aka fara, kuma a 1953 ne Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst.

Gizo da gammo

A 1943 Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma domin yaƙar Japan a ƙasar Bama, watau Runduna ta 81 da ta 82. Tambarin da aka zaɓa wa kowace ya cancanci nazari. Na Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle. Daga tatsuniyoyin Asante aka ɗauko shi, inda ake kiransa Ananse, amma sojan da ya fito daga Katsina ko Haɗeja bai bukaci tafinta ba, domin ya san Gizo tun yana yaro: ƙaramin halitta mai kayar da manyan dawa da wayo. Na Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Dalilin gammon shi ne, a dazuzzuka da tsaunukan Bama inda mota ba ta shiga, waɗannan rundunoni sun dogara ne ga dubban sojoji 'yan dako masu ɗaukar harsashi da abinci da kayan asibiti a ka, sauran guzuri kuma jiragen sama su jefo da laima. Ba kasafai ake samun rundunar da ta ɗauki kayan aikin mafi ƙanƙantar ma'aikacinta ta mai da shi tambarinta ba. Janar da ɗan dako duk gammo ɗaya suka maƙala a damtse.

Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen karɓe garin Myohaung a watan Janairu 1945. Ban da wannan, an zare Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya, aka haɗa ta da mayaƙan Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka kai ta jirgin sama aka sauke a bayan dagar Japanawa, farawa daga watan Maris 1944. Tambarin waɗannan wata dabba ce mai siffar zaki, irin wadda ake girkewa a ƙofar wuraren ibadar mutanen Bama. Sunayen waɗannan wurare suna nan a barikokinmu: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, Letmauk a Badun.

Duk wanda ya yi aiki a wannan fage ya cancanci Tauraron Bama, lambar da aka ƙaga a 1945. Sai dai akwai wani abin lura. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya an sassaƙa sunan mai su da lambar aikinsa a jikinsu, amma taurarin yaƙi na biyu da Ingila ta raba wa nata sojojin ba suna a jiki. Ke nan in takardar sallama ta ɓace, lambar ita kaɗai ba ta iya faɗin mai ita. Kuma ko da takardar, lamba ba ta cika ciki. A ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan mazan jiya suka yi jerin gwano a Ankara, babban birnin Gwalkwas, za su kai wa Gwamna kuka a kan hakkokinsu da rashin aikin yi. 'Yan sanda suka buɗe wuta, suka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta mulkin kan Gana a 1957. Hukumar da ta ba su lamba ita ce ta harbe su sa'ad da suka zo neman abin da lambar ta yi alkawari.

Fiffike

A cikin lambobin ƙwarewa ba wadda sojoji ke kishi kamar fiffike. Rundunar jiragen sama ta sojan Ingila, wadda aka kafa a 1912, ta fara bai wa matuƙanta lamba mai fiffike biyu a 1913. Daga baya aka yi wa sauran ma'aikatan cikin jirgi, kamar mai duba hanya da mai harbi, lamba mai fiffike ɗaya da harafin aikinsu, domin kada a ɗauki wani a matsayin wani. Da aka kafa rundunonin laima a Yaƙin Duniya na Biyu, su ma aka yi musu nasu. Na Amurka, Kyaftin William Yarborough ne ya zana shi a 1941, kuma sharaɗin samunsa shi ne mutum ya gama horo ya diro daga jirgi sau biyar. A Faransa sau shida ne, kuma kowace lamba da adadinta a sassaƙe a bayanta, wanda ya yi daidai da sunan mai ita a littafin hukuma.

Abin da ya ba fiffike daraja shi ne muƙami ba ya kawo shi. Kanar da bai diro ba ba shi da shi, farabitin da ya diro yana da shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma a nan ma launin fata ya daɗe yana tare hanya. Eugene Bullard, baƙar fata ɗan jihar Jojiya, ya sami fiffikensa a sojan Faransa a 1917, ya kuma yi yaƙi a sama, amma da ƙasarsa Amurka ta shiga yaƙin sai ta ƙi karɓarsa a matsayin matuƙi. Ya rasu a 1961, sai a 1994 aka ba shi muƙamin laftana. Baƙaƙen fata na farko da sojan Amurka ya bai wa fiffike su biyar ne, waɗanda suka gama horo a Tuskegee a watan Maris 1942. A wannan shekarar ce kuma Peter Thomas, ɗan Ikko, ya sami fiffike da anini a rundunar sama ta Ingila. Ya rasu a haɗarin jirgi a yankin Wales a watan Janairu 1945. Nijeriya ta kafa tata rundunar sama a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma a watan Oktoba 2019 ta maƙala fiffike ga Kafayat Sanni, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, da Tolulope Arotile, ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Sharaɗin bai sauya ba, ƙofar ce aka faɗaɗa.

Sojan gona

Yanzu sai hanya ta biyu. Harshenmu yana da suna ga wanda ya sa kakin da ba nasa ba: sojan gona. Kalmar ta yi ƙarfi har ta fita daga bariki, ana kiran likitan ƙarya da lauyan ƙarya da ita. Yawanci in an ambace ta, ɗan damfara muke tunawa, mai tare hanya ya karɓi na goro. Amma tarihi ya nuna akwai wanda ya fi shi haɗari, watau wanda shi ne ke riƙe da ikon bayar da lambar.

Idi Amin ya shiga sojan mulkin mallaka a 1946, bayan an gama yaƙin duniya, amma ya riƙa cewa ya yi yaƙin Bama. Ya ƙwaci mulkin Uganda a watan Janairu 1971, ya naɗa kansa Fil Mashal a 1975, ya jera wa sunansa haruffan manyan lambobin jaruntaka irin na Ingila, a 1977 kuma ya ƙara da laƙabin wanda ya ci daular Ingila da yaƙi. Ya ci gaba da sa fiffiken sojojin laima na Isra'ila ko bayan da ya kori Isra'ilawa daga ƙasarsa a 1972. A watan Afrilu 1979 ya gudu daga Kampala, lambobin ba su tare masa kome ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Labarin Jean-Bédel Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya fi ban takaici, domin shi ya yi wa Faransa yaƙi da gaske, a yaƙin duniya da kuma a Indocina, ya sami lambobi na halal. Da ya hau mulki sai ya yi ta ƙara wa kansa waɗansu, ya zama Mashal a 1974, ya naɗa wa kansa kambin sarauta a watan Disamba 1977. Na ƙaryar suka rinjayi na gaskiyar, har duniya ta manta yana da su.

A gefe guda kuma ga Admiral Jeremy Boorda, shugaban rundunar ruwa ta Amurka, mutum na farko da ya fara daga kurtu ya kai wannan matsayi. An tayar da tambaya a kan wata 'yar alama mai nuna an shiga wuta, wadda ya taɓa maƙalawa a kan lambobinsa biyu na zamanin yaƙin Biyetnam, ko da yake ya riga ya daina sa ta. A ranar 16 ga Mayu 1996, ana gab da ganawarsa da 'yan jarida a kan maganar, ya kashe kansa. Ba mu kawo wannan don yabon abin da ya aikata ba. Mun kawo shi ne don a ga nauyin da ɗan ƙarfen da bai kai girman ƙwayar masara ba yake da shi a idon masu wannan sana'a.

Matsayin doka

Ingila ta yi dokar hana farar hula sa kakin soja ba da izini ba tun 1894, kuma dokar laifuffuka ta Nijeriya ita ma ta haramta sa kakin da sayar da shi ga wanda ba shi da izini. Amurka ta yi dokar hukunta masu da'awar lambar ƙarya, wadda aka sa wa hannu a 2006. Amma a 2012 Kotun Ƙoli ta soke ta a shari'ar Xavier Alvarez, wani da ya yi ƙaryar samun babbar lambar jaruntaka ta ƙasar, bisa hujjar cewa dokar ta taka 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2013 aka sake wata dokar, wadda ta taƙaita laifin ga wanda ya yi ƙaryar don ya sami kuɗi ko wata riba. Darasin da ke nan shi ne, doka tana iya kama ɗan damfara, amma ba ta kai ga Amin ba sa'ad da yake bisa mulki, ba ta kuma bai wa Maigumeri aninin da aka hana shi yana da ƙarfinsa ba. Abin da ke tsare lamba shi ne rubutaccen littafi wanda mai mulki ba ya iya gogewa, da jama'ar da ta san abin da ke cikinsa.

Kammalawa

Mun ga cewa hakkin sa lamba yana tsayuwa ne a kan abubuwa uku: aikin da aka yi, da hukumar da ta tabbatar da shi, da shaidar da kowa zai iya dubawa. Mulkin mallaka ya ga aikin ya rage ladan. Masu mulkin kama-karya sun ɗauki ladan ba aikin. Abin da ya rage a hannunmu, mu malaman tarihi, shi ne na ukun. Mutanen da suka sa Gizo da gammo a damtsensu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma a gidaje da yawa lambobinsu na nan cikin adaka, jikoki ba su san sunan ko ɗaya ba. Muna ba da shawara ga sassan tarihi na jami'o'i da kwalejojin ilmi su tura ɗalibai garuruwansu, su nemi waɗannan lambobi da takardun sallama, su ɗauki hotonsu, su rubuta sunan mai su da bataliyarsa da abin da iyalinsa suka ji daga bakinsa, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, hukuma tana ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya. Zai kyautu a ce kafin mu sake haɗuwa a irin wannan taro, kowace makaranta da ke da wakili a nan ta zo da sunayen na yankinta a rubuce.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gama lafiya.